Gaisuwar Gonar Bomo a Shekarar Takunkumi

Kafin in shiga labarin, ya kamata in bayyana inda na samo abin da zan rubuta, da inda sanina ya tsaya. Al'amarin ya faru ne a bazarar shekarar 2020, cikin watan azumi, lokacin da aka kulle gari saboda annobar korona. Shekarar da watan ba na shakka a kansu. Ranar ce ban riƙe ba. Mahaifiyata ta ce Laraba ce, mahaifina ya ce bai tuna ba, ni kuwa abin da na tabbatar kawai shi ne ruwan shuka bai riga ya sauka ba. Wani ɓangaren na gani da idona. Sauran na ji shi daga bakin mutum uku: mahaifina, Malam Ishaya, da Sale, babban ɗan marigayi Malam Tanimu na Bomo, da Inna Hajo, matar marigayin. Inda bakinsu ya zo ɗaya zan faɗa kai tsaye. Inda suka saɓa zan kawo abin da kowannensu ya ce, in bar shi haka. Tarihi na karanta a jami'a, ba likitanci ba, kuma a cikin duk mutanen da zan ambata babu wanda aka yi wa gwaji. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana ta ƙarshe.

Abin da ya tayar mini da zancen ƙaramin abu ne. Bazarar bana ta zo da zafi irin na waccan shekara, hadari yana haɗuwa da la'asar ya watse ba tare da ɗigo ba. Rannan na shiga madafa na tarar Mama tana sauke tukunya da wani ƙyalle mai kore da fari. Da na duba sosai sai na ga takunkumi ne, igiyarsa ɗaya ta tsinke, gefensa ya ƙone. Na tambaye ta ko ta tuna na wane ne. Ta ce tsumma dai tsumma ne, in ba ta hanya miya na ƙonewa. A ranar kuma mahaifina ya sa aka sayo masa goro, domin lokacin zuwa Bomo ya yi.

Mu Hausawa ne, kuma Kirista. Na rubuta wannan a fili domin tun ina firamare nake amsa tambaya a kansa. In na ce sunana Rahila Ishaya, sai a tambaye ni yarenmu. In na ce Hausa, sai a yi murmushi a ce, to, amma na asali fa? Kakana Dauda manomi ne daga wani ƙauye da ke kan hanyar Kano, cikin mutanen da ake kira Maguzawa. Ya shiga addinin Kirista yana saurayi, ya zo Samaru neman aikin lebura, kuma har ya koma ga Allah bai san wani harshe ba in ban da Hausa. A nan ya yi abota da Malam Tanimu, wanda ya ara masa gona a bayan Bomo, kusa da fadama. Da kakana ya rasu, mahaifina ya ci gaba da noma ta. Da safe yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, da yamma ya saɓa fartanya.

Aron gona yana da ƙa'idarsa, ko da yake ba a rubuce take ba. Bayan girbi akan kai wa mai gona hatsi don godiya, amma wannan ba ya sabunta aron. Abin da ke sabunta shi gaisuwar bazara ce. Kafin ruwan farko mai aro zai je da ƙafarsa, da goro a hannu, ya durƙusa a gaban mai gona, su gaisa, sannan ya tambaya ko bana ma za a bar shi ya shiga. Ba a aike, ba a yi ta waya. Kowa ya san amsar, amma dole a yi tambayar, dole kuma mai gona ya amsa da bakinsa. Wanda ya sa fartanya kafin wannan gaisuwa ya nuna ke nan ya fara ɗaukar gonar tasa ce, kuma an sha karɓe gona a kan haka.

Da aka sa dokar kulle, jami'a ta sallame mu. Makarantar mahaifina ta rufe, albashi ya tsaya tare da ita. Shagon ɗinkin Mama da ke Sabon Gari shi ma ya rufe, sai da aka yi dabara aka kawo keken ɗinkin gida. Samaru ba ɗalibai wani gari ne daban. Masu shayi sun kife teburansu, 'yan acaɓa sun ɓace, titin da ba ka iya tsallakawa da rana ya zama wurin kwanciyar awaki. Shirun ya kai in mangwaro ya faɗo kan kwanon rufin maƙwabta sai ka zabura.

Zafin shekarar ban san yadda zan auna shi ba, sai dai in faɗi abin da ya yi. Tun hantsi kwanon ɗaki yake fara ƙara. Rijiya ta ja baya, guga yana fitowa da ruwa ja, sai an bar shi ya kwanta kafin a tace. Wuta ba ta zama. Mukan yayyafa wa tabarma ruwa mu kwanta a kanta, kafin ka juya ta bushe. Bikin Ista mun yi shi a tsakar gida mu uku, mahaifina ya karanta nassi, Mama ta ja waƙa ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a kama ta. Daga baya maƙwabtanmu suka shiga azumi a cikin wannan zafi, masallatai a rufe, kowa yana shan ruwa a bayan ƙofarsa.

Masarar bara tana cikin buhuna a bayan ƙofar ɗakin Mama. Kullum da safe nakan ga ta dafa buhun da gwiwa kafin ta ɗiba, kamar tana tambayarsa lafiya. Tuwo sau biyu ya koma sau ɗaya, da safe ɗumame in ya ragu, in bai ragu ba koko ba sukari. Miyar kuka ta koma daddawa da gishiri. Mangwaro ne ya riƙe mana tsakar rana har gefen bakinmu ya yi ciwo. Ba wanda ya ambaci yunwa a gidan. Amma duk mun san lissafin: ba albashi, ba a san ranar buɗe makaranta ba, buhu yana raguwa. In ba a shuka gonar Bomo ba a daminar nan, babu abin da zai maye gurbin wannan buhu.

Da aka ce sa takunkumi ya zama dole, Mama ta zazzage buhun ƙyallayen da ta tara shekara da shekaru. Aikin ya zama na gida duka. Mahaifina yana yanka, da awo irin na malamin lissafi, Mama tana taka keke, ni ina guga da dutsen guga na gawayi ina zura igiyar roba. Da roba ta ƙare muka koma ɗinka igiya da ƙyallen kansa. Ƙarar keken nan daga safe har la'asar ita ce kawai alamar cewa akwai abin da ke shigowa gidan.

Akwai ranakun da ake sassauta dokar domin a sayi abinci. A ɗaya daga cikinsu muka tafi Sabon Gari mu uku, ni da Mama da tiren takunkumi, mahaifina kuma don ya sayi goron gaisuwa. Cefanen gari duka an matse shi cikin 'yan sa'o'i, saboda haka cunkoson ya fi na jajibirin salla. Muka tsaya a gaban shagon Mama, kusa da rumfar Mama Nkeci mai sayar da robobi, Inyamura haifaffiyar Sabon Gari wadda Hausarta ta fi ta wasu Hausawan daɗi. Tana ganin mahaifina da baki a rufe ta tafa hannu, ta ce shi ne Bahaushe na farko da ta gani da wannan abu. Nata kuwa yana rataye a haɓa.

"Madam, naki fa? Da haɓa kike numfashi?" in ji mahaifina.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wannan ciwon na masu hawa jirgi ne, me zai zo nema a cikin bokitai? Sannan ta juya ga Mama ta ce ai ita ta sani, mu ba irin waɗancan Hausawan ba ne. Yabo take nufi, na tabbata. Sai a mota, kan hanyar komawa, mahaifina ya ce da Mama ubansa da ya haife shi yana cikin waɗancan ɗin.

Wannan magana ba a bakin Mama Nkeci kaɗai take ba. A zauren da ni da 'yan ajinmu muke hira ta waya, kullum rigimar ke nan. Wasu daga Kudu suna turo hotunan kasuwannin Arewa, suna cewa mutanen nan za su kashe ƙasar don sun ƙi rufe baki. Wasu daga Arewa suna mayar musu cewa ta filin jirginsu ciwon ya shigo, in ma akwai shi. Kowane ɓangare yana kiran sunana in yi shaida, waɗannan don ni Kirista ce, waɗancan don ni Bahaushiya ce. Ni kuwa tire ne a hannuna, na ga masu saye. Mahauta sun saya, 'yan dako sun saya, wata hajiya ta saya wa gidanta duka har da mai gadi. Wani dattijon cocinmu ya ƙi, ya ce bangaskiyarsa ta ishe shi. Na ga akasin haka ma, ta kowane ɓangare. Ban ƙirga ba, saboda haka ba zan ce su wa suka fi yawa ba.

Abu ɗaya na gani a ranar da ya kamata in rubuta. Layin masu goro ya cika maƙil, kafaɗa na gogar kafaɗa, kuma mahaifina ya daɗe a ciki. Takunkuminsa ya jiƙe da gumi. Daga inda nake na hango shi yana sauke shi jefi-jefi don ya sha iska.

Goro ya zo gida, amma mahaifina bai tafi Bomo ba. Rediyo kullum yana cewa tsofaffi ciwon ya fi kashewa, kuma mutum na iya ɗauke da shi bai sani ba. Malam Tanimu kuwa ya tsufa ƙwarai. Mama ta ce a kira Sale a waya a yi bayani, shekarar ba irin sauran ba ce. Mahaifina ya ce ba a yi, kuma in ya fara bana ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Haka goron ya zauna a cikin ganye, Mama tana yayyafa masa ruwa, hadari yana ƙara duhu ta gabas kowace yamma. Sai wata mai kawo mana itace daga Bomo ta ce ta ji ana cewa wani surukin gidan ya dawo daga birni ba aiki, yana neman inda zai noma, kuma Sale ya ce masu aro bana sun yi shiru. Washegari mahaifina ya ce in shirya in raka shi.

Mama ce ta zaɓar masa takunkumin. Akwai ragowar yadi kore da fari na kayan faretin ranar 'yancin kai da ta taɓa ɗinka wa wata makaranta, ta yi guda ɗaya da shi, ninki biyu, ɗinkin ya fi sauran kyau. A ganinta wurin babba ba a zuwa da tsumman atamfa. Ba wanda ya kawo komai a ransa game da launin.

Da ƙafa muka je, ta bayan gari, bayan azahar. Ƙasa tana ƙuna ta cikin takalmi. Gonaki duk an share su, an tara kara an ƙone, suna jiran ruwa. Da muka shiga Bomo na lura wasu dattawa da ke ƙarƙashin bishiya sun tashi sun shige gida, wata mata kuma ta ja ƙyaurenta. Muka ɗauka gajiyar azumi ce. Sai daga baya muka ji cewa a kwanakin ana ta raɗe-raɗin wai ma'aikatan gwamnati masu rufe fuska suna bi gida-gida, duk wanda suka ji yana tari su tafi da shi a killace, in ya mutu ko gawarsa ba a ba danginsa. Ban sami wanda ya ga an yi haka a Bomo ba. Amma an yarda da zancen, kuma Malam Tanimu yana tari.

Sale muka tarar a ƙofar zaure. Ya dube mu sama da ƙasa, idonsa ya tsaya a kan kore da farin nan.

"Sannu da zuwa, gwamnati."

"Sale, ni ne fa, Ishaya."

"Muryar dai na gane ta. Amma Ishayan da na sani yana da baki. Mu nan jaki muke sa wa takunkumi, kada ya ci amfanin gona."

Mahaifina ya yi dariya, amma a cikin ƙyalle ya yi ta, ba wanda ya gani.

Ni mace ce, saboda haka na durƙusa na gai da tsohon na wuce cikin gida, kamar yadda na saba. Inna Hajo tana dakan gero na kunun shan ruwa. Tana ganina da takunkumi a baki ta ajiye taɓarya, ta kira matan gidan su zo su ga Rahila ta shiga niƙabi, ta ce saura a nemo mini miji liman. Ta kawo mini ruwa a moɗa alhali ita tana azumi. Na ce na gode, na sha a gida. Daga tsakar gidan ina jin tari daga zaure, ina jin muryoyi, amma ba na rarrabe magana. Can Inna Hajo ta tashi ta je ta laɓe a bakin ƙofar da ke tsakanin zaure da gida. Saboda haka abin da zai biyo baya ba ni na gani ba.

Su ukun sun yarda a kan wannan. Mahaifina ya durƙusa a kusa da ƙofa, nesa da tabarmar tsohon, ya miƙa hannu ya tura goron gaba, ya yi gaisuwa. Malam Tanimu bai amsa ba. Mahaifina ya sake gaisuwa. Tsohon ya juya ya tambayi Sale wane ne. Da aka gaya masa, ya ce ɗan Dauda ba ya gaishe shi daga bakin ƙofa. Mahaifina ya yi bayani cewa ya shiga cunkoson kasuwa, kuma don lafiyar Baba ya rufe bakinsa, ba don tasa ba. Tsohon ya yi ta kallonsa. Sale ne ya amsa. Ya ce dama Malam Ishaya ƙafarsa ɗaya tana wurinsu ɗaya tana wurin 'yan boko da mutanen coci, yanzu ya ɗauke ɗayar ma. Ya ce tun yaushe Bahaushe yake toshe hanci a gaban ubansa kamar ya ji wari? Sale bai musa ya faɗi haka ba. Ya ce mini ransa ne a ɓace, kuma tsoro yake ji.

Mahaifina ya nemi tsaka-tsaki. Ya tashi ya fita waje cikin rana, ya cire takunkumin a can, ya durƙusa yana fuskantar zaure, ya ɗaga murya ya yi gaisuwar tun daga farko. Tsohon ya kare ido da hannu ya leƙa, ya ce yana ganin wani a rana kamar mai jiran mota, a ce masa ya shigo. Mahaifina ya mayar da takunkumin ya shigo. A nan ne Malam Tanimu ya faɗi maganar da su ukun suka kawo mini kusan kalma da kalma.

"Ni ban ara wa ƙyalle gona ba. Dauda na ara wa, Dauda ya bar mini kai. Matso in ga bakinka."

Ba su daidaita ba a kan tsawon shirun da ya biyo baya. Sale ya ce nan take mahaifina ya cire. Inna Hajo ta ce ya daɗe kansa a ƙasa har ta ɗauka tashi zai yi ya tafi. Mahaifina ya ce bai sani ba.

Ƙarshen na gani da idona, domin Inna Hajo ta yafuto ni. Mahaifina yana durƙushe gwiwarsa a kan tabarmar, fuskarsa a buɗe, koren ƙyallen yana leƙowa daga aljihunsa. Tsohon ya riƙe hannunsa da hannu biyu, fuskokinsu kusa da juna ƙwarai. Mahaifina ya yi tambayar da ya zo yi. Na lura yana magana guntu-guntu, kamar mai riƙe numfashi. Malam Tanimu ya yi dariya, dariyar ta koma tari, da tarin ya lafa ya ce, "Je ka shiga gonarka. Allah ya ba da damina mai albarka." Sannan ya tambayi karatuna, ya ce ko har yanzu ba a gama koya mini labarin mutanen da suka mutu ba.

Mahaifina bai mayar da takunkumin ba sai da muka fita daga ƙauyen.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauka. Iska ce ta fara zuwa da la'asar, mai sanyi, ɗauke da ƙamshin ƙasar da ta riga ta jiƙe a wani wuri. Mama ta bar keke ta fito da duk wani abu mai baki a gidan, bokiti da tukunya da kwano, ta jera a ƙarƙashin indararo. Aka yi ruwa kamar ba za a daina ba. Da gari ya waye muka tafi gona da iri a ƙwarya, sai muka tarar Sale ya riga mu da garmar shanu, ya kusa gama huɗa, ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Ya ce wa mahaifina gwamnati ta makara. Mahaifina yana gaba yana sara, ni da Mama muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ƙasa mai sanyi tana shiga tsakanin yatsun ƙafa. A duk shekarar, wannan ce safiyar da na ji tsoro ya sake ni.

Kafin masara ta tsiro zazzaɓi ya kwantar da mahaifina. Ya ce na damina ne, ya sha maganin da aka saba sha. Mama ta yi zancen asibiti, ya ƙi, kuma dalilinsa bai bambanta da na mutanen Bomo ba: yana tsoron a riƙe shi. Ya koma ɗakin waje, muna ajiye masa abinci a bakin ƙofa. Ya ce miya ba ta da ɗanɗano. Mama ta ɗebo daddawa ta miƙa masa kusa da hanci, ya ce bai ji komai ba. Ta fito ta zauna a kan turmi. Ni da ita muka yi noman farko, ba mu iya sosai ba, rabin ciyawar ta sake tashi. A hankali ya warke, ya rame ƙwarai.

Bayan ƙaramar salla, masara ta kai idon sawu, mai itacen nan ta zo da safe ta ce Malam Tanimu ya rasu, har an kai shi. Ta ce numfashi ne ya yi masa wuya a ƙarshe. Muka je ta'aziyya. Ni da Mama mun rufe baki, mahaifina bai rufe ba. Sale ya kama hannunsa ya zaunar da shi a cikin 'ya'yan gida masu karɓar gaisuwa, ba cikin baƙi ba. Duk wanda ya zo sai ya yi masa ta'aziyya kamar yadda yake yi wa Sale.

Daminar ta yi kyau. Masarar gonar ce ta riƙe mu har makarantu suka buɗe, har na koma jami'a.

A makon nan, bayan na ga tsumman a hannun Mama, na je Bomo na tambayi abin da ban taɓa tambaya ba. Sale ya ce babansa ya nemi a cire takunkumin ne don ya ji an raina shi, kuma don ya tabbatar ba kai rahotonsa aka zo yi ba. Ya ce tarin tsohon na shekara da shekaru ne, kowace bazara yana tashi, ajali ne kawai ya zo. Inna Hajo ta bari ya fita sannan ta ce ba haka ba ne. Ta ce kunnen Malam ya daɗe da tafiya, yana ɓoyewa ne har ga 'ya'yansa, bakin mutum yake kallo ya gane abin da ake cewa. Da aka zo masa da baki a rufe bai ji ko kalma ɗaya ba, ba gaisuwar ba, ba bayanin kasuwa ba, kuma ba zai faɗi haka a gaban Sale ba. Ta ce ba ruwansa da Hausa ko boko, so yake ya san abin da ɗan abokinsa yake cewa. Game da tarin kuma ta saɓa wa Sale. Ta ce na shekarar daban ne, busasshe, kuma ya fara ne bayan dawowar surukin nan daga birni, kafin zuwanmu. Na tambaye ta ko ta tabbata kafin zuwanmu ne. Ta ce tana jin haka, amma shekaru sun ja.

In maganar Inna Hajo ce daidai, to tsohon bai taɓa sanin cewa an gargaɗe shi ba. Na juya wannan a raina sosai, ban sami inda zan ajiye shi ba.

Mahaifina na bari a ƙarshe. Na same shi yana gyara ƙotar fartanya, goron yana gefe a cikin ganye, domin gobe zai je ya durƙusa wa Sale, ko da yake mahaifina ya girme shi, tunda gonar yanzu a hannunsa take. Na gaya masa abin da kowannensu ya ce. Ya saurara bai katse ni ba. Zancen kunnen ya ce bai sani ba, kuma na ga hannunsa ya tsaya a kan ƙotar. Sai na tambaye shi, da ba don gonar ba, da zai cire? Ya duba bakin fartanyar.

"Ke ma kin ci masarar, Rahila," ya ce.

Ban ƙara tambayarsa komai ba. Abin da na iya tabbatarwa na rubuta shi: an yi gaisuwar, an ba da gonar, mutum biyu sun kwanta ciwo, ɗaya ya tashi. Abin da ban sani ba, kuma babu gwajin da ya rage da zai gaya mini, shi ne wannan: a zauren nan, da suka riƙe hannun juna, mahaifina ne ya kai wa Malam Tanimu ciwon, ko Malam Tanimu ne ya ba shi, ko kuwa babu wanda ya ba wani komai?